Ɗan Farin Labbo

Labbo bai ƙara kai shanunsa gulbi ba tun daminar da ruwa ya tafi da Hashimu. Hashimu ɗansa ne na fari, saurayi da gemu bai gama tsiro masa ba. Suna ƙetarar da garke ne a mashigin da ke arewa da rugarsu, kusa da Birnin Tsaba, don su kai shanun daji kafin shuka ta taso, sai ruwan da aka yi can gabas ya iso musu gaba ɗaya, ja wur, da itace da ciyawa a kansa. An daɗe ana nema kafin a tsinci gawar maƙale a saiwar wata bishiya.

Ranar jana'iza Labbo bai yi kuka ba. Ya zauna kan buzu yana karɓar gaisuwa, kowa ya ce masa ya haƙuri sai ya ce da godiya. Mutane suka yaba. Dama a wajensu Fulani uba ba ya nuna ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya cin abinci da shi a akushi ɗaya, ba ya kama sunansa. Tun ranar suna har ranar da aka rufe shi, sunan Hashimu bai taɓa fita daga bakin Labbo ba. In yana son sa, sai ya ce "Kai". In zai yi maganarsa da wani, sai ya ce yaron nan mai bin shanu.

Abin bai fara ba sai bayan kaka. Wata rana a bakin rijiya aka juye guga cikin kwami, ƙarar ruwan ta shiga kunnensa, sai ya tsaya ƙiƙam da igiya a hannu. Rijiya ta ɓace masa, mutane suka ɓace. Abin da yake gani kawai shi ne bayan yaron: ƙeya, shuɗiyar riga jiƙe ta manne a kafaɗa, ruwa ya kai masa ƙirji. Bayan kawai yake gani, ba ya taɓa ganin fuskar. Daga ranar nan abin ya riƙa zuwa masa ba sallama, a sallah, a kan hanya, a tsakiyar magana. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina zuwa rijiya, ya koma alwala da ɗan ruwan da bai isa ya yi ƙara ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ce. Wata Alhamis a kasuwar Shinkafi, a kara wajen dillalan shanu, Labbo ya hangi wani saurayi ya ba shi baya, da shuɗiyar riga. Bai san lokacin da ya ratsa mutane ya rungumo shi ta baya ba, ya fizgo shi suka zube ƙasa. 'Yan agaji suka taru a kansa, ɗaya ya sunkuya yana shinshina bakinsa ko giya ya sha. Da ƙyar wansa Mainasara ya karɓe shi, yana ba uban saurayin haƙuri.

Mainasara shi ne babba a ruga tun rasuwar mahaifinsu. A ganinsa aljanin ruwa ne ya biyo ƙanensa gida. Ya kai shi wajen limamin garin, liman ya yi masa karatu ya yi masa tofi har sau da dama, daga baya ya ce shi dai bai ji alamar aljani a jikin mutumin nan ba. Mainasara bai gamsu ba. Ya kira Labbo gefen garke ya gaya masa abin da ya yanke. Ruwa ya kusa sauka, manoma za su shuka, dole shanu su ƙetare gulbi kamar kowace shekara. In Labbo ya ƙetare da nasa, shi ke nan. In bai iya ba, za a raba shanunsa a hannun 'yan'uwa su riƙa kiwo, shi kuma a kai shi gidan wani malami can bayan Shinkafi inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa har su dawo daidai. Labbo ya san gidan. Ya taɓa wucewa ya ji ƙarar sarƙa ta bayan katanga.

Liman ne ya ce kafin a kai ga haka a gwada wani mutum a Kaura Namoda, Malam Armiya'u, wanda ya yi aiki da masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware kafin a yi sabuwar jiha ya dawo gida.

Ɗakin Malam Armiya'u yana can bayan asibiti, ƙarami, da benci da kujera biyu da fanka da ba ta cika juyawa ba. Shi gajere ne mai kauri, hannunsa kamar na mai dukan ƙarfe. Da suka gaisa ya tambayi Labbo garinsu, da ya ji ɗan ruga ne sai ya yi dariya irin ta abokin wasa ya ce ashe bawansa aka kawo masa, shi ɗan maƙera ne, kakansa ne ya ƙera wa kakan Labbo wuƙar da yake taƙama da ita. Labbo ya ce in ba don nonon Fulani ba da maƙera sun daɗe da ƙarewa a bakin zuga. Wannan ne murmushinsa na farko cikin watanni.

Armiya'u ya saurari bayani, ya ce ba hauka ba ne, kuma kada ya bar addu'a. Ya ce ya ga irinsa a wajen sojojin da suka dawo daga yaƙi da direbobin da suka tsira daga hatsari. Allura ba ta cire shi.

"Ka san saniya in ta haɗiye ciyawa ba ta tauna ba," in ji shi, "sai ta kwanta ta dawo da ita baki ta yi tuƙa. Kai ka haɗiye ranar nan ɗungum, ka hana kanka tuƙa. Shi ya sa take taso maka inda ba ka so. Nan za mu riƙa dawo da ita da kanmu, kaɗan kaɗan, har ta zama labari irin sauran labarai."

Labbo ya ce bai taɓa jin maƙeri ya koya wa Bafulatani halin saniya ba. Amma ya yarda.

Aikin ba shi da yawa a faɗe. Kowane mako Labbo zai hau babur ɗin haya, kabu-kabu, zuwa Zurmi, ya shiga mota zuwa Kaura. Zai zauna ya rufe ido ya ba da labarin ranar tun daga safe har ƙarshe, kamar yanzu take faruwa. Armiya'u yana tsayar da shi yana tambaya: me kake ji a kunnenka, me ƙafarka take takawa, ina ne a jikinka ya fi zafi. Akwai rikoda a kan benci tana ɗauka. Labbo zai tafi da kaset gida ya riƙa sauraro da rana a tasa rikodar. Sannan akwai aikin gida: ya je bakin rijiya ya tsaya ana zuba ruwa, kada ya gudu sai ƙirjinsa ya lafa. In ya iya wannan, ya je ya tsaya kan yashin gulbi tun yana a bushe.

Labbo ya yi duka. Rijiya ta ɗan yi sauƙi. Amma bayan yaron bai daina zuwa ba, barci ma bai dawo ba. Abin da ya ɗaure wa Armiya'u kai shi ne yadda mutumin yake ba da labarin. Sumul yake bayarwa, kamar yana faɗin farashin shanu a kara. Mun taso da hantsi. Mun iso mashigi. Shanu sun shiga. Yaron nan mai bin shanu yana tsakiya. Ruwa ya zo. Ruwa ya tafi da shi. Muryarsa ba ta rawa, zufa ba ta karyo masa. Armiya'u ya ɗauka ɗan kiwo ne da aka ɗauko daga wata ruga, irin waɗanda ake ba maraƙi in shekara ta zagayo. Don haka ya fi matsa wa Labbo a kan nasa tsoron, yadda shi ma ya faɗa ruwan, yadda ya sha ruwa kafin a jawo shi. Suka yi ta zagaya wurin nan makonni, ba abin da ya motsa.

Matar Labbo, Hindu, tana jin kaset ɗin. Ba yadda za a yi ta ƙi ji, don a gindin bishiyar da ke bayan bukkarta yake zama. Tana daka tana jin muryar mijinta yana cewa yaron nan mai bin shanu, muryar wani baƙo kuma tana tambaya ko iyayen yaron sun zo ɗaukar gawa, mijinta yana cewa sun zo.

Ranar kasuwar Kaura ta ɗauki ƙwaryar nono. Lokacin an hana mata hawa kabu-kabu, sai ta taka da ƙafa har bakin titi ta jira motar mata. Da ta sayar da abin da za ta sayar ta tambayi hanyar asibiti. Ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin, ba ta shiga ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce ita ce matar mutumin nan mai zuwa daga Birnin Tsaba.

"Likita, yaron da shika faɗi cikin kaset, ni na haife shi. Shi ne na farko."

Ita ma ba ta kama sunan ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Armiya'u ya daɗe zaune yana kallon fanka. Shi ma ɗan fari ne. Ya tuna har mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, amma ko sau ɗaya abin bai zo masa a rai ba yana zaune gaban Labbo.

Da Labbo ya dawo, Armiya'u bai kunna rikoda ba. Ya ce ya yi kuskure, ya riƙa tambayar da ba ita ba. Ya ce yanzu ya san wane ne yaron. Labbo ya dubi ƙasa. Armiya'u ya ce ba zai sa shi kama suna ba, wannan ba huruminsa ba ne, amma yana so ya sake ba da labarin a matsayin uba. Labbo ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Ya ce ko abokin wasa yana da iyaka. Ya fita bai yi sallama ba.

Mako na gaba bai je ba. A cikin makon aka yi ruwan farko, ba mai yawa ba, amma ƙasa ta yi ƙamshi, manoma suka fito da sungumi. Labbo ya shige bukka ya toshe kunne da rawani har aka ɗauke. Da ya fito ya ga Mainasara tsaye da ɗan'uwansu Muhtari da wani ɗan'uwan a gefen garkensa suna nuna shanu da baki, wannan ta Muhtari, waccan ta wane. Da suka gan shi suka yi shiru. Washegari ya hau kabu-kabu.

Ya zauna kan kujerar ya rufe ido tun ba a ce masa ba. Ya fara kamar kullum, har ya kawo bakin mashigi. Armiya'u ya ce ya tsaya nan, kada ya wuce. Ya tambaye shi ina yake tsaye. Labbo ya ce kan gaɓa, ta bayan garke, yana koro na ƙarshe. Ya tambaye shi wa ya fara ganin ruwan.  Sai zufa ta fara tsattsafo wa Labbo a goshi, yatsun ƙafarsa suka kama siminti kamar yana kan laka.

"Ni na fara gani. Ina bisa, su suna ƙasa. Ga shi nan shina zuwa, da icce bisa kainai."

"Ina yaron?"

"Shina tsakiya. Ya ba ni baya."

"Me ka yi?"

"Na buɗe baki." Ya ɗaga hannu. "Sunan na nan, ya zo man har nan," ya taɓa maƙogwaro. "Hamma, yayana, na cikin ruwa, yaran ruga na nan, kowa na ji. Sai ni ce, Kai."

Labbo ya ci gaba tun ba a tambaye shi ba.

"Mutum nawa ke cikin ruwan? Kai ɗin wa? Da na kira sunanai da ya waiwayo. Da ya ga ruwan. Kunya ta hana ni, Likita. Kunya ni ji, ruwa na zuwa."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Wani sauti ya riƙa fita daga ƙirjinsa wanda ba kuka ba ne sosai, ya fi kama da na saniyar da aka yanka wa ɗa. Armiya'u ya bar shi. Da ya lafa ya ba shi ruwa a kofi, ya ce su sake daga bakin mashigi. Suka sake. Suka kuma sakewa. A karo na ƙarshe Labbo ya iya kai ƙarshen maganar idonsa a buɗe. Ya fita yana tafiya kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi.

A zama na gaba Armiya'u ya ce tsoron ruwan zai ragu da maimaitawa, amma akwai ƙullin da maimaitawa ba za ta kwance ba, wato wannan da na kira da ya waiwayo. Ya tambayi Labbo ko ya tabbata murya tana kaiwa tsakiyar mashigi daga gaɓa, ga kukan shanu ga ƙarar ruwa. Labbo ya ce bai sani ba. Armiya'u ya ce to ba sai sun yi ta zato a ɗaki ba, su je wurin su gwada. A ransa ya riga ya gama lissafi: za a yi kira, na cikin ruwa ba zai ji ba, Labbo zai gani da idonsa cewa suna ko ba suna duk ɗaya ne.

Armiya'u ya zo ranar Asabar a kan babur ɗinsa, da hantsi. An ƙara yin ruwa, gulbi ya kawo amma bai wuce cinya ba. Mainasara bai so ba. Ya ce shi bai ga abin da tsayuwa cikin ruwa zai yi wa aljani ba, amma tunda maƙeri ya taso tun daga Kaura ba a mayar da shi haka nan. Armiya'u bai gaya masa dalili ba, ya ce kawai ya shiga da 'yan shanu ya tsaya tsakiya ya ba su baya.

Labbo ya sha wuya kafin ya kai gaɓa. Yana tafiya yana tsayawa, Armiya'u na gefensa yana ce masa ya dubi abin da ya bambanta da waccan ranar: ruwan yau fari ne, rana ta fito, wanda ke ciki babban mutum ne da furfura. Har suka kai inda ya tsaya bara. Armiya'u ya ce ya kira wansa da suna. Labbo ya dube shi, ya ce shi ma wannan bai taɓa kama sunansa ba, Hamma yake ce masa. Armiya'u ya ce lalle Fulani sai a bar su, ya haɗa hannu a baki ya kira da kansa.

"Mainasara!"

Nan take Mainasara ya waiwayo.

 Armiya'u ya sauke hannunsa a hankali. Ya fara cewa ruwan yau ba kamar na ranar ba ne, ƙarar ba ɗaya ba ce, sai ya ji maganar ba ta da nauyi ko a kunnensa, ya bari. Labbo ya zauna kan yashi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma wannan ya fi tsorata Armiya'u.

Mainasara ya fito yana matse bakin wando, yana tambaya wasan me ake yi da shi. Armiya'u ya dubi Labbo, Labbo ya ɗaga kai alamar ya faɗa. Sai ya faɗa, a taƙaice, abin da ƙanensa ya ɗauka a ransa shekara guda da abin da suka zo gwadawa. Mainasara ya tsaya yana kallon ruwa. Ya cire malfa ya mayar. Da zai yi magana bai dubi Labbo ba, gulbi ya duba.

"Ya waiwayo."

Labbo ya ɗago.

"Ina kusa da shi, ban kai tsawon sanda biyu ba. Da kac ce Kai, ni ban waiwaya ba, na san ba ni a kira ba. Duk rugag ga wa ka ce ma Kai da wagga murya in ba shi ba? Tun shina rarrafe da ita shika amsawa. Ya waiwayo, ya gane ka, ya ga ruwan."

"Ban gani ba," in ji Labbo.

"Ina za ka gani, ka riga ka diro. Ya ɗaga maka hannu guda. Gudan na riƙe da maraƙin saniyatai, wadda ka ba shi ran suna. Ni ce mai shi saki. Bai saki ba."

Shanun da aka shiga da su suka fito da kansu suna kaɗa jela. Labbo ya tambayi wansa, muryarsa ƙasa ƙasa, me ya hana shi faɗa tun bara. Mainasara ya ce ta ina zai fara. Ya taɓa jin wanda ya zaunar da mutum ya yi masa hirar ɗansa na fari? Ya ga Labbo ya daure a jana'iza, ya ɗauka barin maganar shi ne taimako. Ya ce shi ma fuskar tana zuwa masa, ba bayan ba, fuskar, amma shi bai gaya wa kowa ba.

Armiya'u ya koma gefe wajen babur ɗinsa ya ba su wuri. Daga can yana hango su, ɗaya zaune ɗaya tsaye, ba mai kallon wani. Sun daɗe a haka. Da zai tafi ya ce wa Labbo ya zo mako mai zuwa su sake ɗaukar labarin, wannan karon da abin da Hamma ya gani a ciki. Ya ce wa Mainasara shi ma ƙofa a buɗe take. Mainasara ya ce shi lafiyarsa lau.

Sun sake ɗaukar kaset. Labbo ya kawo wurin kiran, ya tsaya, ya ce ya waiwayo, ya ɗaga hannu. Ya yi kuka irin na mutane wannan karon, da hawaye. Ya ce wa Armiya'u bai san ko sauƙi ya samu ba. Da yana ganin laifinsa ne, yanzu kuma yana ta tunanin maraƙin, me ya sa bai ba shi tunkiya ba ran suna. Armiya'u ya ce wannan ma za su zauna a kai, amma ba yau ba.

Shuka ta fara rufe ƙasa, wani manomi ya riga ya kawo ƙarar saniyar da ta shiga masa gero. Mainasara ya sa ranar ƙetarawa. Bai sake maganar gidan mari ba, bai kuma ce ya janye ba.

Suka taso da hantsi. Hindu da sauran mata suna baya da jakuna da kayan bukka. Ruwa ya kai ƙugu a mashigi, yana tafiya da ƙarfi amma ba fushi. Garken Mainasara ya fara shiga, sai na Muhtari. Na Labbo ne na ƙarshe. Shanun suka taru a gaɓa suna jiran mai su, don ba su saba shiga ba sai ya shiga. Kowa ya sami abin da zai duba, wani igiya, wani kaya, ba wanda ya kalle shi kai tsaye.

Ya yi bisimilla ya sa ƙafa. Sanyin ya hau masa har ciki. Ya kama jelar babban bijiminsa, bijimin ya ja shi. A tsakiya ƙafafunsa suka ƙi. Ƙarar ruwan ta cika masa kai, shuɗiyar rigar ta fito gabansa sarai, kusa har yana ganin ɗinkin wuya. Shanu suna wuce shi ta dama da hagu suna gogar sa. Bijimin ya tsaya yana huci. Can gaba Mainasara ya juyo yana kallo, bai dawo ba, bai kuma yi kira ba.

Labbo ya tsaya yadda aka koya masa. Bai rufe ido ba. Ya ji yashi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ji gashin jela a tafin hannunsa, ya ce wa kansa wannan bana ce. Rigar ba ta tafi ba. Ya jira. A hankali ƙeyar ta juya, kamar yadda Hamma ya faɗa, sai ga fuskar da rabonsa da ya kalle ta sosai tun yaron yana goye, don ko yana raye ba ya yarda su haɗa ido a gaban mutane. Ya kalle ta iya yadda zai iya. Sannan ya taɓa bijimin da sanda.

Da ya fito ɗaya gaɓar sai ya durƙusa ya yi amai a kan ciyawa. Muhtari ya matso zai kama shi, Mainasara ya ce a ƙyale shi. Ya zo ya tsaya kansa, ya dubi shanun da ke watsuwa cikin sabuwar ciyawa.

"Tashi ka tare shanunka, za su shiga na mutane."

Labbo ya share baki da hannun riga ya tashi. Ya bi bayan garken yana ɗan tangaɗi. Ranar Laraba yana da zama a Kaura, yanzu kuma gulbi yana tsakaninsa da titi, sai ya sake shiga ruwan nan zuwa da dawowa, ba bijimi, ba kowa. Yana tafe yana jin ƙararsa a bayansa har suka yi nisa cikin daji.